Wayar Ɗakin Mai Takaba

Inbatar gidan Alhaji Babaji ta fara kuka ne a farkon azumin da ya faɗo tsakiyar bazara. Ana zaune sai ƙwan falo ya dusashe, fanka ta yi gurnani ta rage gudu, talabijin ta ɗauke, akwatin nan da ke maƙale a bangon zaure ya kama ƙara, daga nan gidan gaba ɗaya ya yi ɗif. Sai wani ya tashi ya je ya danna, wuta ta dawo, a jima kaɗan a sake.

A layinmu na Ƙofar Guga gidan ne kaɗai mai wuta. Tun da taransifomar unguwa ta ƙone muka fid da rai. Solar ma ba Alhaji Babaji ne ya sa ta ba. Ƙanensa Malam Salihu ne ya hau da faifan sola kan rufi ya jera batura, saboda matarsa Halimatus Sa'adiyya tana da ciwon suga, allura take yi wa kanta safe da yamma, kuma ruwan allurar nan ba ya son zafi. Malam Salihu ya rasu kafin azumi. Sa'adiyya ta shiga takaba a ɗakinta na ƙurya, mai rufin kwano babu silin, da fanka ɗaya da ɗan ƙaramin firji a gefen gado.

Ba a gama karɓar gaisuwa ba Hajiya Saudatu, matar Alhaji Babaji, ta sa aka shigo da firiza biyu 'yan gwanjo, manya, aka girke su a rumfar tsakar gida. Azumi a cikin zafi, unguwa babu wuta, ai ƙanƙara ta zama zinariya. Daga la'asar ƙofar gidan ba ta da masaka tsinke, kowa da kularsa. To daga ranar da aka jona firizojin nan inbata ta fara kuka. Ba sai an yi karatun lantarki ba kafin a haɗa wannan da wancan, amma a gidan kowa ya yi kamar aljani ne ya shiga akwatin.

Alhaji ya kira Sagir mai gyaran sola. Sagir ya zo da jakarsa da mitarsa, ya yi yadda suke yi: ya buɗe akwatin da wayoyin gida suka haɗu, yana cire layi ɗaya bayan ɗaya yana kallon lambobi. Ya tsaya a rumfa har injin firiza ɗaya ya tashi, ya ga yadda ƙwai ya lumshe. Ya taɓa wayar da aka ja musu ya janye hannu da sauri. Sannan ya ja Alhaji zaure.

"Alhaji, firizojin ne. Duk sadda injin ɗaya ya tashi shina fizgar wuta da ƙarhi, in biyun suka tashi tare inbata ba ta iya ɗauka. Wayar ma siririya ce, ta yi zahi. Ko a ɗebe ɗaya, ko a ƙara batura da babbar inbata."

Alhaji Babaji ya dube shi sama da ƙasa.

"Sagir, gyara na kira ka ko wa'azi? Abin da ke kawo cefanen azumi za ka ce in ɗebe? Ka duba wani wuri mana. Gidan ga babu wani abu mai jan wuta sai firizar Hajiya?"

"To, akwai ɗan firjin ɗakin ƙurya, amma shi..."

"Yauwa. Tsoho ne, tun yaushe nike cewa firjin nan shina shan wuta. Ɗebe layin mu gani."

Sagir ya san ɗan firjin bai kai ko rabin rabin firiza ɗaya ba. Ya kuma san wanda zai sallame shi. Ya sa filaya ya cire wayar ɗakin ƙurya, ya naɗe bakinta da baƙin tef, ya tura ta ciki ya rufe akwati. A daidai lokacin firizojin sun cika sanyi sun huta, wuta ta tsaya cak. Alhaji ya tafa hannu ya ce ka gani ko, ashe can matsalar take.

A ɗakin ƙurya fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Sa'adiyya tana kan darduma da carbi, ta ɗaga kai ta jira a danna kamar kullum. Ta ji talabijin na magana a falo, ta ji firizoji na ruri a rumfa, nata ɗakin shiru. Ta ja mayafi ta leƙa ƙofa.

"Yaya Hajiya, halan wutar ɗakina ta samu matsala?"

"Gwaji ake yi," in ji Saudatu, tana ɗure ruwa a leda ko ɗago kai ba ta yi ba. "Mai gyara ya ce firjinki ne ke kashe inbata. Ki yi haƙuri kwana biyu."

"To allurata hwa? Kin san ba ta son zahi."

"Ikon Allah! Mutanen dauri duk da firji suka rayu? Ki sa ta bakin randa."

Ruth ce ta gyara mata wannan shawara ta zama mai amfani. Ruth maƙwabciyarta ce, 'yar kudancin Kaduna, mijinta ma'aikacin gwamnati, ita kuma tana aiki a wani shagon magani. Sun shaƙu da Sa'adiyya tun 'ya'yansu na ƙanana. Da ta shigo da yamma ta ga ɗakin kamar gidan burodi, ta koma ta ɗauko ƙaramar tukunyar ƙasa, ta zuba jiƙaƙƙen yashi, ta binne kwalaben a ciki, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ta karɓi wayar Sa'adiyya za ta riƙa yi mata caji a shago.

"Maman Zulai, wannan na ɗan lokaci ne fa. Ki ce su mayar miki da wuta. Ko in kira Zulai?"

Zulaihat ita ce 'yar Sa'adiyya tilo, tana aure a Maraɗi, kuma tana cikin jego. Sa'adiyya ta riƙe hannun Ruth.

"Kar ki tada mata hankali, ga ɗanyen jego ga rashin uba. Kwana biyu suka ce."

Kwana biyu suka wuce, suka ninka, inbata ba ta daina kuka ba. Yanzu ma ta fi da, don Saudatu ta ga ciniki ta riƙa cusa ruwa mai ɗumi a firizojin dare da rana, injinan ba sa hutawa. Kafin la'asar batura sun yi ƙasa, ƙwai ya koma ja. Aka sake kiran Sagir. Ya cire ƙwan banɗaki. Aka sake kiransa, ya cire soket ɗin kicin, aka kashe firjin falo. Ya ce a wanke faifan rufi, kashin tattabarun Alhaji ya rufe su, aka wanke. Ya ce a ƙara ruwan batir, aka ƙara. Komai na gidan an taɓa shi ban da abubuwa biyu da ke tsaye a rumfa. Kuma ba wanda ya ce, tun da an cire ɗakin ƙurya kukan bai daina ba, ashe ba shi ne ba, a mayar masa da wayarsa.

Sa'adiyya ce kaɗai ta faɗa. Ranar da Alhaji ya tsaya a bakin ƙofarta yana gaishe ta daga waje, kamar yadda ake yi wa mai takaba, ta ce daga bayan labule:

"Yaya Alhaji, na ji har yanzu tana kuka. Da an maida mani ko firjin kaɗai. Fanka na haƙura."

"Sa'adiyya, ke ba ki san aikin wuta ba. In aka maida ki yanzu batura za su mutu baki ɗaya, kowa ya rasa. Ki bari a yi sallah mu ga abin da za a yi. Mai takaba da haƙuri aka san ta."

Ya tafi yana gyara babbar riga. Wannan kalma ta haƙuri, a bakin wanda ke kwana ƙarƙashin fanka, ni dai ba abin da ya kai ta ƙona mini rai.

Zafin ya ƙaru. Da azahar kwanon rufin ɗakin har ƙara yake yi, yashin tukunya ya bushe kafin ta idar da salla. Ga Ruth za ta tafi gida bikin Ista da iyalinta, za ta yi 'yan kwanaki. Sa'adiyya ta ga babu wanda zai riƙa kawo mata yashi da ruwan sanyi, ta tattara kwalaben a leda ta kira Saudatu.

"Yaya Hajiya, don Allah ki aje mani waɗannan wurin da ke da ɗan sanyi. Amma kar su daskare. Baban Zulai kullum shina cewa kar a bari su yi ƙanƙara."

"Kawo nan."

Saudatu ta ɗaga murfin firiza, ta jefa ledar a tsakiyar ƙullin ƙanƙara, ta rufe. Washegari da safe ta miƙo mata kwalba ɗaya daskararriya kamar tsakuwa.

"Yaya Hajiya, ai ta daskare."

"To mi kike so? Kin ce zahi, an ba ki sanyin da ya hi na kowa, kuma kina ƙorahi? Sanyi ai sanyi ne. Riƙe ta a hannu ta narke."

Sa'adiyya ta riƙe ta a tafin hannu har ta narke. Ruwan ya koma kamar yadda ta san shi. Ta ja a sirinji ta yi bisimilla ta soka a cinya. Ba ta san cewa maganin nan in ya daskare sau ɗaya ya tashi daga aiki ba, ta san dai mijinta ya hana. Amma mijinta yana kabari, kuma ba ta da wata kwalbar da ba ta kwana a firizar ba.

Daga nan ta fara lalacewa a gaban idon kowa. Ƙishirwa ta fara zuwa. Ta sha kofi, ta sha moɗa, maƙogwaro bai jiƙa ba. Tana fitowa daga banɗaki tana komawa. Saudatu ta ce, "Yo mu masu azumi mi za mu ce? Ita da likita ya ɗauke mata azumi, ruwa take sha duk yini." Sai ido ya fara hazo, ta buɗe Alƙur'ani ta ga baƙaƙen suna haɗewa, ta rufe ta koma carbi. Aka ce kuka ne ya yi mata yawa. Zobenta ya riƙa zamewa daga yatsa, zani ya ƙi zama a ƙugu. Aka ce ai haka takaba take, wace ce ta yi ƙiba a cikinta. Ta ƙara yawan allurar da kanta, ko ta ji dama, ba ta ji ba, don ruwa take soka wa jikinta. Wayarta ta mutu tun bayan tafiyar Ruth. Ta roƙi a sa mata caji a falo, aka ce soket ɗaya ya rage kuma yaran gida na layi.

Da amai ya fara, ta rarrafa bakin ƙofa ta ce a gaya wa Alhaji tana son ganin likita. Saudatu ta kai saƙo, ta dawo da amsa.

"Ya ce mai takaba ba ta hita. Mi mutane za su ce, a gan ki bisa titi ba ki cika kwanakinki ba? Za a amso maki rubutu wurin Malam."

Ko yaron da ya fara zuwa Islamiyya ya san addini bai hana mai takaba fita neman magani ba. Alhaji Babaji ma ya sani, shi da ba ya rasa tafsiri. Abin da ba ya so shi ne likita ya tambayi inda ake ajiye allura, a ji amsar a waje. Aka kawo rubutu a gora, aka ɗora masa ƙanƙara guda don ya yi daɗin sha. Wannan ce ƙanƙarar farko da aka ba ta kyauta a gidan.

Ruth ta dawo da rana tsaka. Ko jakarta ba ta kwance ba ta shigo da tsarabar doya da citta. Ta yi sallama ba a amsa ba, ta ɗaga labule. Sa'adiyya na kwance a ƙasa kan siminti, wai ko ta ji sanyinsa, tana numfashi mai zurfi da sauri, leɓɓanta sun tsattsage, bakinta na wani irin wari mai zaƙi-zaƙi. Ta buɗe ido da ƙyar ta kira Ruth da sunan Zulai.

Ruth ta yar da doyar. Ta ruga gida ta ɗauko na'urar gwajin suga ta soki yatsa. Na'urar ta ƙi ba da lamba, abin ya wuce inda take iya ƙirgawa.

"Hajiya! Ina allurarta?"

Saudatu ta ɗaga murfin firiza ta tono ledar, ta miƙa tana karkaɗe ƙanƙara. Ruth ta dubi kwalaben, ta dubi Saudatu.

"Tun yaushe suke nan ciki?"

"Tun da kika tahi. Ita ta ce in aje mata."

"Kun kashe maganin! Ruwa take yi wa kanta duk kwanakin nan! Ina Alhaji? A fito da mota yanzu!"

Alhaji Babaji ya fito daga falo yana hamma, da hula a hannu.

"Madam Ruth, lahiya kike ɗaga murya a gidan mutane da azumi?"

"Alhaji, matar ƙanenka na mutuwa. Asibiti, yanzu yanzu."

"Subhanallahi, ki daina yi mata baki. Mota ta kai ƙanƙara kasuwa. Kuma wannan al'amari ne na addininmu, mace cikin takaba, ba ki san shi ba. A bari a sha ruwa in tambayi Malam."

"Na zauna da ku shekara da shekaru, Alhaji, na ga masu takaba a asibiti da idona. Ka tambayi Malam a bayanmu."

Ta fita da gudu ba takalmi ta tare kurkura, babur mai ƙafa uku, a bakin titi, mai ita ya shigo har ƙofar gida. Masu sayen ƙanƙara sun fara taruwa da kulolinsu. A tsakaninsu aka ratsa da Sa'adiyya, Ruth ta riƙe kafaɗu, wasu mata biyu daga cikin masu layi suka ajiye kula suka kama ƙafafu. Saudatu ta raka su har zaure tana salati, sannan ta koma rumfa, don layi ya yi tsawo.

An yi abin da za a iya a asibiti. Ledar ruwa bayan ledar ruwa, allura mai kyau, duk an sa. Likitar da ta karɓe ta ta ce an makara da kawo ta. Washegari da hantsi Halimatus Sa'adiyya ta cika ba ta farfaɗo ba.

Aka yi mata sutura aka kai ta kafin azahar. Alhaji Babaji ya tsaya a sahun gaba yana share ido da bakin riga. Duk wanda ya miƙa masa hannu sai ya ce, "Suga ne, ga baƙin cikin rashin Salihu. Mun yi iya ƙoƙarinmu, kwana ya ƙare." Mutane suka ce Allah ya ba shi ladan riƙon amana.

Da aka ce dangin marigayiya na hanya daga Dutsin-ma, Zulaihat kuma ta taso daga Maraɗi da jaririnta, sai aka tuna a ɗakin ƙurya mata za su zauna karɓar gaisuwa. Saudatu ta shiga ta fito tana fifita da mayafi.

"Alhaji, ɗakin nan ba ya zaunuwa. Baƙi za su zo, ga mai jego. Sai a yi da mu."

Aka kira Sagir. Ya buɗe akwati, ya laluɓo wayar, ya warware baƙin tef, ya ɗaure ta a mazauninta. Kafin Alhaji ya gama amsa gaisuwar mutum ɗaya an gama. Saudatu da kanta ta kashe firiza ɗaya don kada inbata ta yi kuka a gaban baƙi. Fanka ta tashi, ɗan firjin ya yi ajiyar zuciya ya kama aiki. Ta goge shi da tsumma ta cika shi da ruwan leda saboda buɗa baki. Batura ba su mutu ba, kowa bai rasa ba, wuta ta tsaya kyam ba ko lumshewa.

Zulaihat ta iso bayan la'asar, idanunta sun kumbura. Ta zube a kan gadon uwarta ta yi kuka har ta gaji. Da ta lafa ta ɗaga kai ta ga fanka na juyawa, ta ga firji na aiki a inda ubanta ya ajiye shi. Alhaji ya zo bakin ƙofa yi mata ta'aziyya, ta durƙusa da jaririn a kafaɗa.

"Baba, Allah shi saka da alheri. Duk zahin ga ina can ina tunaninta, wayarta ba ta shiga. Da na shigo na ga komi nata shina aiki kamar mahaihina na da rai, sai na ji sanyi a raina. Kun riƙe ta."

"Haba Zulai," in ji Alhaji, "ai haƙƙi ne a kanmu."

Matan ɗakin suka amsa da amin, amin. Ruth na zaune a lungu tun safe. Ta miƙe ta ratsa ƙafafun mutane, ta karɓi jaririn ta ba wata tsohuwa, ta kama hannun Zulaihat ta ja ta gaban firjin. Ta buɗe, ta cusa hannun yarinyar can ƙasa cikin ledojin ruwa.

"Taɓa, Zulai."

Ruwan da ɗumi. Na tsakiya ma har yanzu da zafin rana a jikinsa.

"Yau aka kunna shi," in ji Ruth, da muryar da ta kai tsakar gida. "Bayan an dawo daga binne ta. Tun farkon azumi uwarki take ɗakin nan babu wuta. Ki tambayi Babanki dalili, ga shi nan tsaye."

Fankar na ta juyawa a kansu. Zulaihat ba ta cire hannunta daga firjin ba. Ta juyo a hankali ta dubi ƙofa.

"Baba?"

Alhaji Babaji ya buɗe baki. Mutumin da bai taɓa rasa amsa ba, ya ba mai gyara, ya ba marar lafiya, ya ba masu gaisuwa, yau ya tsaya da baki buɗe a gaban mata cike da ɗaki. A ƙofar gida wani ya kwaɗa sallama yana tambaya ko akwai ƙanƙara yau.